Kwana kusa da tafkunan kan dutse a Kolorado

Idan kun je wa 'ya'yanku a Denba, babban birnin jihar Kolorado ta Amurka, kuna son hawa tsaunukan Roki, ku fara hutawa kwana biyu a gari. Tafkin Bear, ɗaya daga cikin tafkunan tsaunukan, yana kan tudun da ya haura mita 2,800 sama da teku, iska ta yi ƙaranci, mai gaggawa sai ciwon kai da haki, balle dattijo.

Ku yi sammako, ku sauko kafin azahar. A Yuli da Agusta hadari da tsawa sun fi tasowa da rana. Tanti sai da izini, kuma a kafa shi aƙalla mita 60 daga bakin ruwa.

Ruwan tafki, komai kyansa, a tafasa minti 3, don a can sama yakan tafasa tun bai yi zafi sosai ba. Abinci, har man goge baki, a kulle cikin mazubin da beyar, wata babbar dabbar daji, ba ta iya buɗewa.