Yadda 'Yan Aji Uku Za Su Adana Tarihin Ajinsu Kafin Su Watse

Duk wanda ya yi sakandaren kwana a Kumasi ya san yadda ƙarshen jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE yake: ana ajiye biro sai a fito fili ana waƙoƙin zuga da ake kira jama da tafi, ana barbaɗa wa juna farar hoda, kuma kafin la'asar motoci sun fara kwashe akwatuna, wasu zuwa Aboabo da Asawase, wasu zuwa tasha domin kama hanyar Tamale ko Bawku. Abin da ɗalibai ba sa lura da shi sai lokaci ya ƙure shi ne cewa aji ba shi da ranar ƙarshe guda ɗaya. 'Yan kimiyya da 'yan kasuwanci da masu karatun zane da masu tattalin gida kowa da ranar da yake rubuta takardarsa ta ƙarshe, kuma wanda ya gama yakan tattara kayansa ya wuce. Saboda haka, ƙannena, duk abin da kuke so ku adana na tarihin ajinku, ku kammala shi aƙalla mako biyu kafin a fara jarrabawa.

Ku fara da zaɓen mutum huɗu ko biyar da za su ɗauki nauyin aikin, a samu mace da namiji, ɗan kwana da ɗan jeka-ka-dawo. Ba dole ba ne su kasance shugabannin ɗalibai, domin sau da yawa yarinyar nan mai shiru wadda ta san sunan kowa ta fi mai muƙami amfani a nan. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a Ghana a shekarar 2017 yawan ɗalibai ya ƙaru ƙwarai, har aka shigo da tsarin karatu na karɓa-karɓa a 2018, don haka a manyan makarantu ba zai yiwu mutum biyar su bi kowa ba. A raba aikin aji-aji da kuma gida-gida na kwana, sannan a haɗa.

Aikin farko shi ne littafin sunaye. A sayi babban littafi mai kaurin bango, irin wanda ake samu a shagunan Adum, a ba kowane ɗalibi rabin shafi ya cika da hannunsa: cikakken suna, laƙabin da aka san shi da shi a makaranta, gidan kwanansa, fannin karatunsa, da lambar waya biyu. Tun da makarantun kwana ba su yarda ɗalibi ya riƙe waya ba, kuma lambar da matashi ya saya bayan kammala makaranta ba ta cika daɗewa ba, lambar mahaifiya ko ta babban yaya ita ce abin dogaro. Ga 'yan zango kuwa, a ƙara da sunan maigidan da aka san gidan da shi da masallacin da yake kusa, domin bayan shekara goma ana iya rasa mutum a waya, amma da wuya a rasa wanda zai nuna gidansu. A bar layi biyu ko uku a ƙasa domin kowa ya rubuta abu ɗaya da ba zai manta ba. Kada a gyara wa kowa rubutunsa.

A kan hotuna zan ɗan tsaya, domin a nan ne ajinmu ya yi asara. Mun ɗauki hotuna masu yawa, muka bar su duka a wayar yayan wani abokinmu, wayar kuma ta ɓace a cikin motar haya kafin sakamako ya fito, abin da ya rage mana sai hoto ɗaya na taron aji wanda fuskokin layin baya ba sa ganuwa. Ku nemi izinin hukumar makaranta ku kawo mai hoto na yini ɗaya, kuma kada ku tsaya ga jeruwa a gaban ofis kawai. A ɗauki ɗakin cin abinci ana tsakiyar rabo, da layin bokitai a bakin famfo da asuba, da akwatin katakon da ake ajiye garin rogo da soyayyen yajin shito da sukari, wanda kwaɗonsa ya sha fasawa, da iyayenmu mata masu dafa abinci, da baba mai gadi a kan kujerarsa. Waɗannan ne za ku nema idan gashi ya fara fari. A wanke aƙalla hoto talatin a kan takarda a manna su a bayan littafin sunaye, sauran kuma a ajiye su a hannun mutum uku daban-daban.

Rubutu a kan riga al'ada ce mai kyau idan an yi ta da hankali. A keɓe tsohuwar riga, a yi amfani da alƙalamin da tawadarsa ba ta fita, kowa ya sa suna da laƙabi, kuma a guji kalmar da mai rigar zai ji kunyar nuna wa 'ya'yansa. Hoda kuwa, a tambayi mutum kafin a zuba masa, musamman mai ciwon asma, kuma namiji ya kiyaye mutuncin abokiyar karatunsa. Fasa gilashin taga ko karya gado da sunan murna ba ya cikin al'ada, kuma wanda ya yi zai tarar da shi a ranar da yake yawo da takardar sallama yana neman sa hannun malamin gidan kwana da mai kula da ɗakin karatu.

Akwai al'adar da ta cancanci a riƙe ta da kyau, wato ta uban makaranta da uwar makaranta. Wanda ya riƙi ƙaramin ɗalibi a matsayin ɗa ya bar masa bokiti, da fitila, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ya rubuta sunansa da shekararsa a cikin murfin littafin. Cin zalin sababbin shiga kuwa, wanda wasu suke kira al'ada, gara ya ƙare a kanku. A daren Juma'ar ƙarshe kafin jarrabawa a yi addu'a a masallacin makaranta, abokai Kirista su yi tasu, sannan a haɗu a yafi juna, wakilai kuma su bi malamai ɗaya bayan ɗaya su ce, "Malam, mun gode, a yafe mana kurakuranmu." Mai bashi a kantin makaranta ya biya.

Batun kuɗi a sauƙaƙa shi. A yanka abin da mafi ƙarancin hali a aji zai iya bayarwa, a rubuta kowane sidi a shafin ƙarshe na littafin, kuma idan daga baya aka koma tarawa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kada a cire komai sai da sanin mutum biyu. Zauren WhatsApp da za a buɗe ya kasance da masu kula uku, kuma a amince tun farko cewa ranar da hukumar jarrabawa ta WAEC ta saki sakamako ba za a matsa wa kowa ya faɗi nasa ba, domin a wannan makon ne mutane suka fi ficewa daga zaure ba sallama.

Kafin a watse a tsayar da ranar haɗuwa. Kwana biyu bayan Babbar Sallah ya fi dacewa da 'yan zango, domin na Accra da na arewa sukan dawo gida, kuma ba a buƙatar kalanda a tuna da ita. A kuma kai sunan ajin ga ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar. Makarantu irin su Prempeh College, wadda aka buɗe a 1949, da T.I. Ahmadiyya ta Kumasi, wadda aka buɗe a 1950, suna da tsofaffin ɗalibai da suke komawa rukuni-rukuni bisa shekarar kammalawa su yi wa makaranta aiki, kuma ajin da yake da rubutattun sunaye ba zai sha wahalar shiga sahu ba. Littafin kansa a ɗauki hoton kowane shafinsa, sannan a damƙa shi ga wanda iyayensa suke zaune a gidan kansu a cikin gari, a sa shi a leda saboda damina da gara.