Kurakuran da Ake Yi da Kalmar Lewd

Kowace shekara sai an samu sababbin masu fassara da 'yan jarida sun maimaita kuskure iri ɗaya a kan kalmar Turancin nan lewd, har abin ya kai ni bango.

Babban kuskure shi ne mayar da ita kalmar rashin kunya kowace iri. Yaro ya ɗaga wa malami murya, sai a rubuta cewa yaron lewd ne. Ina! Wannan rude ne. Ita lewd batsa take nufi: magana, kallo, ishara ko aiki mai nuna sha'awa a fili ta hanyar da ta saɓa wa mutunci. Ka rubuta ta a rahoton ɗalibi ko na ma'aikaci, ka jingina masa laifin da zai iya sa a kore shi, alhali tsaurin ido kawai ya yi. Haka direba ya ɗura ashar a tasha, indai babu sha'awa a ciki, vulgar ce ta dace. Ni kafin in sa ta nakan tambayi kaina: da Hausa zan ce batsa? In a'a ne, na bar ta.

Na biyu, wato ba ta ma'anarta ta yau a tsofaffin littattafai, ya fi ba ni haushi, don masu karatu ne ke yin sa. A tsohon Turanci asalinta læwede, wato mutumin da ba limamin coci ba, wanda bai yi karatu ba. Daga nan ta koma jahili, sannan ɗan iskan gari, kafin ta tsaya a batsa. Shi ya sa a Baibul na Sarki James na 1611, Ayyukan Manzanni 17:5, lewd fellows 'yan tasha ne da aka tara su tada tarzoma a Tasalonika. Wanda ya fassara su da mazinata ya yi ɓarna. A duba shekarar littafi kafin a buɗe ƙamus, don Allah!

Kada a fassara ta da zina ko a rubutun zamani. Kallo kaɗai kan zama lewd.

A dokokin Amurka takan zo tare da lascivious, wata kalma mai ma'ana kusan ɗaya da ita. Sashe na 288 na dokar laifuka ta Kalifoniya ya yi amfani da su wajen lalata da yaro ɗan ƙasa da shekara 14, don haka "kalaman batsa" ya yi wa irin wannan tuhuma kaɗan.

Furucinta "luud", ba "laud" ba. Wancan loud ne, ƙara. Lewd sifa ce; in suna ake so, sai a ce lewdness. A takardar jarrabawa ko wasiƙar ofis kada ka mayar da ita aikatau, ko ka ga matasa na yi a intanet.