Darasi na 9: Masu Rai a Ruwan Kanwa da Ruwan Zafi

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙasar Kanem, gabas da Tafkin Cadi, ya ga ƙananan tafkunan kanwa. Mutum ba ya shan ruwansu, shuka ma ba ta jure shi. Amma ka je da safe, za ka tarar saman ruwan ya yi kore shar. Wannan koren ba datti ba ne. Halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya iya ware guda ɗaya sai da madubin likita. A cikin madubin, kowace tana kama da zare a murɗe. Kanwar da ke kashe wasu, ita ce gidansu.

Matan Kanembu sun san su tun kaka da kakanni. Suna kwasar koren da ƙwarya ko roba, su zuba a ramin da suka gyara cikin yashi. Ruwa ya tsane, rana ta busar, sai su yayyanka su kai kasuwa. Sunansa dihe, masana kuma suna ce masa sifirulina. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Injamena wajen 1964, lokacin ana kiran garin Fort-Lamy. Da aka auna shi, sai aka ga fiye da rabin busasshen dihe sinadarin gina jiki ne. Abin da uwayenmu ke sawa a miya ke nan, wasu kuma suna raina shi wai abincin ƙauye ne. Ni dai ina ganin wannan rainin asara ce, musamman a gidan da nama ke wuya.

In kin sayo dihe, ki farfasa shi, ki jiƙa a ruwa mai tsabta, ki dama. Ki bari yashi ya kwanta, ki tsiyaye na sama a tukunyar miya, ya dahu sosai.

Can arewa kuma, a duwatsun Tibesti, akwai Soborom, inda ruwan zafi da tururi ke fitowa daga ƙasa. Irin wannan wuri ma ba ya rasa masu rai. A Amurka, a gandun Yellowstone, wani masani mai suna Thomas Brock ya ɗebo wata ƙwayar halitta daga maɓuɓɓugar ruwan zafi a 1966. Tana hayayyafa a zafin digiri 70, zafin da zai ƙona hannu. Daga jikinta aka samo wani sinadari da zafi ba ya lalatawa, da shi ne ake gwajin gano ƙwayoyin cuta da ake kira PCR a asibiti. Wanda aka yi wa irin wannan gwajin lokacin korona ya ci moriyarta bai sani ba.

Sai dai a kula. Ruwan da ya fito da zafi daga ƙasa ba tafasasshen ruwa ba ne. Yana iya ɗauke da gishirin ƙasa mai cutarwa, in ya huce kuma ƙwayoyin cuta na iya shiga. Kada a sha don neman magani, kada a bari ya shiga hanci wajen wanka. Ruwan sha a gida kuwa, a bar shi ya tafasa sosai na minti ɗaya, domin ƙwayoyin kwalara da na taifot ba su da juriyar zafi irin ta ƙwayar Yellowstone.

Aikin yi:
Ka rubuta kalmomin nan sau uku: kanwa, dihe, tururi, maɓuɓɓuga.
Ruwa yana tafasa a digiri 100. Da digiri nawa ya fi zafin da ƙwayar Yellowstone ke so?
Ka tambayi wata dattijuwa yadda take miyar dihe, ka rubuta mana a layi uku.