Yadda ake fara tara inro, tsohuwar battar maganin Japan

Duk wanda ya kawo mini inro ɗinsa na farko in gani, abin da yake fara yi shi ne ya kifa shi ya nuna mini sunan mai sana'ar da aka rubuta a gindi. Daga nan nake gane yadda cinikin ya gudana: suna ya saya, kayan bai duba ba. Saboda haka a wannan jeri maganar suna sai can baya.

Da farko ka san abin da ke hannunka. Kimono, rigar gargajiyar Japan, ba ta da aljihu, shi ya sa mazan Japan a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, suke rataya ƙananan kayansu a ɗamarar da suke kira obi. Inro 'yar batta ce mai hawa-hawa, galibi uku zuwa biyar ban da murfi, wadda ba ta cika wuce tafin hannu ba. Ma'anar sunan kwandon hatimi, amma daga baya magani aka koma zubawa, kowane hawa da irin nasa. Igiyar siliki ce take ratsa gefe biyu ta haɗe hawan, sai wani ɗan dutse mai huda, ojime, da ake zugewa ya matse su, sai netsuke, wani ɗan sassaƙe, a ƙarshen igiya wanda ke tokare ɗamara kada abin ya zame. Da aka shiga zamanin Meiji, wanda ya biyo bayan Edo, mutane suka koma tufafin Turawa masu aljihu, inro ya rasa aikin yi, 'yan kasuwa suka yi ta kwasarsa zuwa Turai. Abin da ya sa ke nan har yau kasuwarsa take da ƙarfi a Landan.

Na biyu, ka wanke idonka kafin ka taɓa aljihunka. Ni ka'idata wata uku ba saye. Gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan da na Metropolitan a New York sun sa hotunan nasu a intanet kyauta, ana iya zuƙo su har a ga ƙwayar zinariya. Ka nemi kuma kundayen gwanjon tarin Edward Wrangham, wanda kamfanin Bonhams ya fara sayarwa a 2010. Abin da kake koyo shi ne aikin maki-e: a zana da ɗanyen urushi, wato ƙaron wata bishiya da ake shafawa shafi bisa shafi, a barbaɗa garin zinariya kafin ya bushe. Idan zanen ya ɗan kwanta a saman shafin, hiramaki-e ne. Idan ya taso har yatsa yana jin tudunsa, takamaki-e. Idan kuwa an binne shi da urushi aka goge da gawayi har ya sake fitowa sumul, togidashi ke nan, kuma shi na fi so, domin mai ha'inci ba ya iya kwaikwayonsa da araha.

Na uku, ka zaɓi layi ɗaya, ko tsuntsaye, ko salon aiki guda, ko dangin masu sana'a guda. Mai tsintar duk abin da ya gani kuɗinsa kan ƙare bai koyi komai ba.

Na huɗu shi ne dubawa, kuma a nan aka yi mini sakiyar da ba ruwa. Na sayi wani mai hawa huɗu, zanen zalɓe da reshen itace a kan baƙin shafi, daga wani dillali a intanet. Hoto uku ya turo, gaba da baya da gindi, duk a rufe. Da kayan suka iso na lura an ɗaure igiyar tamau, ojime ya manne da murfi. Ina sassauta shi sai hawa na uku ya fara rawa. Na zare shi, ga bakinsa a tsage daga sama har ƙasa, an liƙe da gam. Na haska tocila ta gefe: reshen da ke kan sauran hawan ƙwaya-ƙwaya yake ƙyalli kamar yashi a rana, na kan hawa na uku kuwa shafe yake lumui, fentin ruwan zinariya ne aka ja da buroshi. Rabin kuɗina ban mayar ba da na sayar.

Tun daga ranar ba na sayen inro sai na gan shi a wargaje. Ka ce wa dillali ya sassauta igiya, ya raba hawan, ya ɗauki kowane baki da cikinsa. Wanda ya ƙi, ka bar masa kayansa. Idan a hannunka yake, ka shimfiɗa tawul a tebur, ka riƙe shi ta gefe, ka ja hawan a miƙe ba tare da murɗawa ba. Na ƙwarai yana fita da ɗan riƙo, yana komawa a hankali kamar iska na tare shi, kuma idan ya rufu da ƙyar za ka ga layin mahaɗa. Ka bi zanen da ido inda ya tsallake kowace mahaɗa, gaba da baya, ka ga ko layukan sun haɗu. Ka kwatanta cikin hawan da juna: yawanci za ka tarar da nashiji, wato yayyafin zinariya a ƙarƙashin shafi mai ruwan zuma, kuma launin ya kamata ya zama ɗaya. Hawan da ya fita daban, ko gyara ne ko aro. Ka duba ramukan igiya da kusurwoyi, nan ne ake ɓantarewa, nan ne kuma ake kwaskwarima. Gogewar hannu ta shekaru ba aibi ba ce, ni ma tana kwantar mini da hankali. Madubin masu zinariya mai ƙara girma sau goma da ƙaramar tocila ba su kai kuɗin aiko da kayan ba, kada ka yi rowarsu. Sai nauyi: an gina na gaske a kan siririn itace ko takarda ko fata, shi ya sa ba shi da nauyi. Wanda ya cika hannu, yana da layin zubi a gefe, ko yana warin fenti, na roba ne da ake yi wa 'yan yawon buɗe ido.

Yanzu sai suna. Dangin Kajikawa da na Koma, masu aikin urushi, sun yi wa masu mulki aiki zuriya bayan zuriya da suna ɗaya, don haka ganin Kajikawa da ɗan jan hatiminsu mai siffar tulu bai gaya maka wanne daga cikinsu ba, bai gaya maka shekara ba. Ogawa Haritsu, wanda ake kira Ritsuo, ya rasu a 1747, amma an ci gaba da sa sunansa a kaya bayansa. Shibata Zeshin, 1807 zuwa 1891, shi ne mafi tsada, ana kuma yawan yi masa jabu. Sabon shiga ba shi da harka da waɗannan biyun. Inro marar suna mai lafiyayyen jiki ya fi mini mai babban suna da gyara, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Kada ka biya ƙari don an ce netsuke da ojime na asali ne, galibi dillalai ne suka haɗa su daga baya. Igiya sabuwa ba laifi. Idan netsuke na hauren giwa ne, ka ce a cire a turo maka inro kaɗai: an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, Ingila ma ta ƙara tsaurara dokarta a 2022, kwastan na iya riƙe kayan gaba ɗaya. A gwanjo ka lissafa ladan kamfani da kuɗin aiko kafin ka ɗaga hannu.

Ajiya kuma, haske ne babban abokin gaba, yana kashe ƙyallin urushi, kuma shafin da rana ta ci ko zufar yatsa tana bar masa tabon da ba ya fita. Ka sa safar hannu. Ba ruwa, ba mai, ba man goge katako, buroshi mai laushi ya isa. Ka naɗe shi a yadi mai taushi cikin akwatin katako, a aljihun tebur. Urushi yana son danshi wajen kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, saboda haka idan a Kano ko Damagaram kake, hunturu zai iya tsaga itacen ciki. Ka sa akwatin cikin mazubi mai rufuwa ruf tare da jakar daidaita danshi da ɗan ma'auni, ka riƙa leƙawa daga Nuwamba har zuwa faɗuwar damina.