Tarakta ko Injin Yanke Ciyawa: Wanne Ya Dace da Filinka?

Kafin ka fitar da kuɗi, ka auna girman filin, sannan ka duba ko yankan ciyawa ne kaɗai aikin da ke gabanka. Idan haka ne, a ganina injin yanke ciyawa ya wadatar, domin yana kewaya gindin bishiya da lungun katanga cikin sauƙi, kuma ba ya barin sawun taya mai zurfi bayan ruwan sama. Tarakta kuwa tana da nauyi, tana danne ƙasa mai damshi, amma tana jan tirela da garma, kuma sandar da ke bayanta, wadda galibi take juyawa sau 540 a minti, tana tuƙa wuƙar da ke sare doguwar ciyawa mai kauri.