Yadda ɗalibi zai rage ƙiba a Bauchi ba tare da ya azabtar da kansa da yunwa ba

Yawancin ƙibar da ɗalibai ke tarawa a jami'a daga kwalba take shigowa, sai kuma teburin mai shayi bayan ƙarfe goma na dare. Mutum zai rantse maka shi sau ɗaya yake cin abinci a rana, kuma ba ƙarya yake ba fa, amma bi shi yini guda ka gani: an fito lakcar safe ya sha lemo mai sanyi saboda zafi, da azahar ya kora zoɓon leda biyu, yamma ta yi ya sayi fura da yogot, dare ya yi ya zauna wajen mai shayi a Gwallameji ko Yelwan Tudu ya ce a soya masa indomi biyu da ƙwai biyu a haɗo da shayi mai kauri da biredi, ya ci ya koma ɗaki ya kwanta. Wannan zaman na dare shi kaɗai ya haura kalori 1000 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), alhali abin da jikin mace ke buƙata a yini gaba ɗaya wajen 2000 ne, na namiji wajen 2500. Toh ka ga inda aikin yake.

Kafin ka taɓa komai fara da awo tukuna, don akwai masu neman rage ƙibar da babu ita, musamman ƴan'uwa mata da wata ƙawa ta ce musu "ke kin fara tumbi" shikenan hankali ya tashi. Je asibitin makaranta ko wani kemis mai sikeli ka hau, ka san tsayinka, sai ka raba nauyinka da tsayin da aka ninka da kansa. Misali kana kilo 80, tsayinka mita 1.70, ka ninka 1.70 sau 1.70 ya ba ka 2.89, ka raba 80 da shi ka samu wajen 27.7. Daga 18.5 zuwa 24.9 lafiya lau ne, 25 zuwa sama nauyi ya fara yawa, 30 zuwa sama ƙiba ce sosai. In lissafin ya yi maka tsawo ari tef a wajen tela ka auna ƙugunka daidai saitin cibiya, abin da ake so kar ya kai rabin tsayinka, wato mai tsayin santimita 170 ƙugunsa ya zauna ƙasa da 85. Ni na fi yarda da tef ɗin ma, don kitsen ciki shi ne mai jawo ciwon suga da hawan jini, kuma tef ba ya ruɗa mutum kamar sikeli. In awonka ya nuna kana daidai ka bar maganar rage ƙiba, ka motsa jiki kawai don lafiya.

Sai abin sha, nan za ka fara kuma nan ne riba ta fi yawa. Lemon roba na santilita 50 yana ɗauke da suga wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12 kenan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya wannan adadin ne ta ce kar babba ya wuce shi a yini guda. Kwalba ɗaya ta cinye maka rabon ranar, ga shi ba ta ƙosar da kai ba, bayan awa ɗaya yunwa na nan daram. Maltina da su lemon ƙara kuzari da ake sha lokacin jarabawa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kuma kar ka ce ai ni na gargajiya nake sha, zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da ake ƙullawa a leda ko a zuba a roba, masu yi ba sa wasa da suga saboda in bai yi zaƙi ba ba za a dawo saye ba. Ba cewa na yi ka daina har abada ba, ka mayar da shi abin marmari, ranar Juma'a ko ranar biki, sauran ranaku ruwa. Zoɓo ma in ka dafa da kanka da citta da kanumfari ka sa suga kaɗan, ko ka jefa ɓawon abarba, yana shawuwa. Wajen mai shayi kuma ka buɗe baki ka yi magana, "Malam ruwan Lipton za ka ba ni, suga cokali ɗaya, kar ka sa Milo", zai kalle ka rana ta farko, kwana biyu shi da kansa zai riƙa haɗa maka ba sai ka faɗa ba.

Na biyu mai. Ka tsaya ka kalli yadda ake zuba mai a garau-garau, mai abinci ta ɗebo da ludayi ta zagaya faranti har ya taru a gefe, kai kuma ka ce ƙara min kaɗan Hajiya. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori wajen 120 ne, ludayin nan kuwa cokali uku ko huɗu ne a ciki. Shinkafa da waken ba su da laifi, in ma za ka samu wake ya fi shinkafar yawa ya fi, don wake yana riƙe ciki ya daɗe. Haka ɗanwake, abinci ne mai kyau da araha, man da ake masa wanka da shi ne matsalar, ka ce a sa cokali ɗaya a cika maka kabeji da tumatir da albasa da dafaffen ƙwai. In kai kake girki a ɗaki daina tuttula mai daga galan kai tsaye cikin tukunya, ajiye cokali guda kusa da risho ko gas ɗinka ka riƙa aunawa, za ka ga man ma ya kai ka ƙarshen wata.

Masa kuma, toh mu a Bauchi ba wanda zai ce maka ka bar masa ka saurare shi. Amma a tanda ake soya ta da mai, kuma akwai suga a ƙullun, in ka haɗa guda takwas da ƙuli da ƙarin suga a kai ka gama da ranar tun da safe. Ci uku ko huɗu da miyar taushe mai yawan ganye da kabewa. Awara da ƙosai suna gina jiki amma su ma a mai suke iyo, in akwai alale a wajen ɗauki alale.

Abin da ya fi ba ɗalibai wahala shi ne tsarin nan na 0-0-1, ba karin safe ba na rana sai dare a rama. Wani rashin kuɗi ne ya sa, wani lakcar ƙarfe bakwai ce, wanda yake karatu a harabar Gubi ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) kuma yana zaune cikin gari ga rububin mota tun duku-duku. Amma wanda ya wuni da yunwa ba ya iya tsayawa da daddare, duk abin da ya gani sai ya cinye. Juya tsarin: da safe ka sa wani abu ko yaya ne, koko da ƙosai kaɗan, ko ƙwai biyu dafaffu, ko ɗumamen wake, da rana ka ci abincinka na sosai, da dare ka sassauta kuma ka ci da wuri, tsakanin magariba da isha. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli daidai misali abincin dare ne mai kyau wallahi, ga arha. In indomin ce dole, guda ɗaya ƙarama, a dafa ba a soya ba, ka yanka kabeji da karas su fi ta yawa, ka bar rabin maginta saboda gishiri. Garin kwaki kuwa kowa ya san ranar da ake shan sa, ba zan hana ka ba, rage sugan dai ka ƙara gyaɗa.

Ranar Asabar ku haɗa kuɗi da ƴan ɗakinku ku shiga kasuwar Muda Lawal ko Wunti ku sayo kayan da ba sa lalacewa da wuri tunda ba firij: kabeji, karas, albasa, gurji, wake, busasshen zogale, kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen kifi. Lokacin kankana da lemon ɓawo da gwaiba ka mayar da su abin taɓawarka maimakon biskit da cincin. Lemon ka sha shi da totuwarsa, ya fi ruwansa kaɗai riƙe ciki.

Motsa jiki yanzu. Ba ka buƙatar kuɗin jim, kuma gara ka sani tun yanzu motsa jiki shi kaɗai ba zai biya bashin da baki ya ci ba, tafiyar minti 30 da sauri abin da take ƙonawa bai kai lemon roba ɗaya ba. Amfaninsa shi ne yana hana tsokarka zubewa tare da kitsen, yana gyara barci, kuma masu yin sa sun fi riƙe nauyin da suka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 kwana biyar, sai kwana biyu na abin da zai ƙarfafa tsoka. Tafiyar ba ta rangwaɗa ana danna waya ba, irin wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga. Mafi sauƙi ka saka ta cikin abin da dama kake yi, in gidanka na kusa da harabar ATBU ta Yelwa taka zuwa makaranta ka bar kuɗin keke a aljihu, in da nisa sauka kafin get ka ƙarasa da ƙafa, cikin makaranta kuma daga wannan ajin zuwa wancan kar ka jira acaɓa. A watan Maris da Afrilu kar ka yi gangancin fita gudu da rana tsaka, bayan asuba ne lokacinka ko dab da magariba, da ruwanka a hannu. Lokacin hunturu masu asma su rufe hanci saboda ƙura.

Maza ga ƙwallon yamma nan, shiga ko ba ka iya ba, a sa ka a baya ka yi ta bin mutane. Na ƙarfin tsoka a ɗaki ma ya wadatar: ka tsuguna ka miƙe sau 15, ka kifa ka ɗaga jikinka da hannuwa iya yadda za ka iya, ka huta ka maimaita sau uku. Jarkar ruwan nan mai lita 25 da kake ba yara su ɗauko maka, kilo 25 ce cif, ɗauko abarka da kanka, sai dai ka lanƙwasa gwiwa wajen ɗagawa kar ka sunkuya da baya.

Ƴar'uwa, ke ma ba sai kin sa wando kin fita titi ba in hakan bai kwanta miki ba. Ku haɗu ku biyu ko uku da hijabanku da takalmi mai taushi ku zagaya cikin makaranta da sassafe, ba wanda zai san ma motsa jiki kuke. Tsallen igiya a ɗaki ko bayan hostel minti goma yana aiki sosai, amma in nauyin da yawa fara da tafiya saboda gwiwa. Bel ɗin ɗaure ciki da naɗa leda a jiki gumi kawai suke fitarwa, kina shan ruwa ya dawo, kuma babu wani motsi da ke zaɓar kitsen tumbi shi kaɗai ya narkar, jiki gaba ɗaya yake raguwa, tumbin ma sau da yawa shi ne na ƙarshe.

Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a WhatsApp da Instagram, yawancinsu maganin sa gudawa ne a ciki, abin da kike gani ya sauka a sikeli ruwan jikinki ne, a zafin Bauchi kuma wannan hanyar faɗuwa ce a tsakiyar lakca. Allurar rage ƙiba da ake yayi yanzu magani ne na gaske amma na likita ne, ba na saye a hannun ƴar aji ba. Wanda yake da olsa ko ciwon suga ko yake kan wani magani kullum ya ga likita kafin ya canza cin abincinsa. Haka wadda ƙibar ta zo mata tare da rikicewar al'ada ko gashi a haɓa, ko wanda ya taɓa shan ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe, ku je a duba, asibitin koyarwa na ATBU yana nan cikin gari.

Lokacin jarabawa ne komai ke rushewa. Ana kwana a aji, ana barcin awa uku, kuma ƙarancin barci da kansa yana buɗe ciki ya sa mutum kwaɗayin zaƙi da maiƙo, shi ya sa ƙarfe biyun dare ba wanda ke marmarin gurji. Babba yana buƙatar awa bakwai zuwa sama. In dole sai ka yi karatun dare tafi da robar ruwa da gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya da dabino biyu uku, kuma kar ka shiga aji da kuɗin kashewa. A waɗannan makonnin in ka riƙe nauyinka bai ƙaru ba ma ka yi ƙoƙari.

Sai hutu, ko in an tafi yajin aiki irin na ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022 da ya ci wata takwas. Kana shiga gida Umma za ta dube ka ta ce "wai ba kwa cin abinci ne a makarantar nan, dubi yadda ka zube", ta cika maka kwano da tuwo malmala uku. Kar ka tsaya yi mata bayanin kalori, ba za ta saurara ba kuma ranta zai ɓaci, ci malmala ɗaya da miya da yawa ka yaba girkin ka ce sauran na ɗumame ne. Masu azumin Litinin da Alhamis kuma, ladan yana nan in sha Allahu, amma in aka buɗa baki da kunu mai suga da ƙosai da soyayyar doya da lemo sannan aka bi da tuwo, sikeli ba zai motsa ba.

Abin da ake so ka riƙa sauke rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, semista guda ta isa kayanka su fara yi maka yawa. Hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin ka ci komai, sikeli guda kullum, mata kuma kar ku damu da awon kwanakin al'ada don jiki na riƙe ruwa. Akwai lokacin da zai tsaya cak sati biyu ko uku, kar ka rage abinci tukuna, ɗauko tef ka duba ƙugu, in yana raguwa ci gaba da abin da kake. In shi ma ya tsaya toh duba cokalin mai da abin da kake sha, yawanci a nan za ka tarar an koma gidan jiya, sai ka gyara ka ƙara minti goma a tafiyarka.