Yadda ake cuɗa irin waken suya da ƙwayoyin rizobiya kafin shuka

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da manomi ke sayen buhun yuriya dominsa. Waken suya yana iya samunsa daga iska kyauta, muddin akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira rizobiya a saiwarsa. Sai dai gonar da ba a saba noma waken suya a cikinta ba, sau tari ƙwayoyin sun yi mata ƙaranci. Shi ya sa cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan take haɗa NoduMax, wani baƙin gari mai ɗauke da ƙwayoyin da ransu. Shirin N2Africa, na bunƙasa noman dangin wake a Afirka, ya gwada wannan dabara a gonakin manoma a Kano da Kaduna da Borno.

Tun a shago aikin yake farawa. Duba ranar lalacewar garin, kuma kada ka karɓi ƙunshin da ya wuni a rana. Abu ne mai rai, zafi na kashe shi. A gida ka ajiye shi wuri mai sanyi, gindin randa ma ya isa.

Ranar shuka, bayan ƙasa ta sha ruwa, ka zauna a inuwa da roba mai tsabta. Ƙunshin giram 100 yana isar iri kilo 10. Narka ƙaro a ruwa mai ɗumi, ka bari ya huce, ka yayyafa a kan irin kana juyawa har ya yi danshi. Danshi kawai ake so. Idan ruwa ya yi yawa, ɓawon irin zai saɓule. Sannan ka barbaɗa garin, ka juya a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi. Shanya a kan buhu, a inuwa, ya sha iska kaɗan.

A nan mutane da yawa ke yin asara: su cuɗa da safe, su bar irin a buɗe a bakin gona har azahar. Cuɗa abin da za ka iya shukawa a ranar, kuma ka rufe rami nan take.

Kada ka zuba yuriya, domin tana sa waken ya yi kasalar yin ƙulle-ƙullen saiwa da rizobiya ke zama a ciki. Takin supa yake so, amma a gefe, kada ya taɓa irin.

Idan wake ya fara fure, ka haƙo tushe biyu ko uku da fartanya, kada ka tuge. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Fasa ɗaya da farce: idan cikinsa ja-ja ne, yana aiki; idan fari ne ko kore, ba ya jawo naitirojin. Bayan girbi kada ka ƙone karmamin, ka mayar wa gonar, baɗi ka shuka masara a wurin.